Kwamfutar da Muka Gina Kamar Gida

Kwanakin baya wayata ta ɗauke. Na juya ta gaba, na juya ta baya, ina neman inda zan sa sukundireba, ban samu ba. Ko sukuru ɗaya babu a jikinta. Ni da na yi shekaru ina cin abinci da buɗe cikin inji, sai ga ni zaune a ƙofar gida da abu a tafin hannu kamar sabulu, ban san ta inda ake shigarsa ba. Da na kai wa masu gyara sai suka gasa ta da iska mai zafi, suka ɓamɓare bayanta, suka leƙa, suka ce wai in haƙura in sayi wata. Wannan shi ne gyaran zamani. An manne komai da gam don kada talaka ya ga abin da ke ciki, balle ya yi tunanin shi ma zai iya. Na karɓi gawar wayata na dawo gida. Amma tun daga ranar wani mutum yake ta faɗo mini a rai, shi da wata kwamfuta da muka so mu haɗa da hannunmu. In ban ba da labarin nan ba babu mai bayarwa, don shi ya riga mu gidan gaskiya.

Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da ransu. Akawu kowa ke ce masa, a ofis da unguwa, ni kuma ina ce masa Yaya don ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi kuwa Injiniya yake kirana don tsokana, saboda tun ina ƙarami babu rediyon da ya shigo gidanmu a Unguwar Kanawa ya kwana da cikinsa a rufe. Ma'aikata ɗaya muke, ni ina sito wajen ajiyar kayan ofis, shi yana ɗakin masu buga tafireta. Wanda bai ga wannan ɗaki ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Tun daga gindin matakala kake jiyo shi kamar ruwan sama a kan kwano, kowane inji da muryarsa, can ka ji 'yar ƙararrawa ta ce ƙil in layi ya kai ƙarshe, a turo kan injin da ƙarfi, a ɗora. Warin kabon da man inji ya kama bangon har ya zama nasa. A cikin duk wannan hayaniya ana gane bugun Akawu, don ba ya gargada, ba ya tsayawa, kuma ba ya kallon yatsunsa. In takarda za ta je teburin babban sakatare shi ake kai wa ko da akwai layi. Farin ruwan nan da ake shafe kuskure da shi, kwalbarsa bushewa take yi a cikin durowa. In an tashi aiki kuwa yana da ƙa'idarsa: ya zare takarda, ya goge injin da tsumma, ya jawo rigar injin ya lulluɓe shi, ya daidaita gefe da gefe, sannan ya miƙe. Yakan ce wanda ya bar injinsa tsirara ya tafi gida bai gama aiki ba.

Ana nan sai aka kawo wa ma'aikatarmu kwamfuta. Aka ware mata ɗaki guda a saman bene, aka shimfiɗa kafet, aka sa labule da iyakwandishan, alhali mu 'yan Adam muna ƙasa muna fifita da bangon fayil. Ba a shiga da takalmi. Ka zo wucewa ka ga takalma a jere a bakin ƙofa, ka ji ana magana ƙasa-ƙasa, sai ka ɗauka masallaci ne. Makullin yana hannun wasu mutum biyu da aka tura kwas Ikko, kuma kowa ya san ba don sun fi kowa iya bugu aka zaɓe su ba, an dai san gidajen da suka fito. Ba a jima ba raɗe-raɗi ya fara yawo cewa za a rage masu tafireta: wanda ya iya kwamfuta ya zauna, wanda bai iya ba ya kama gabansa. A wurin Akawu wannan ba ƙaramar magana ba ce. A kwatas ɗin gwamnati yake zaune da iyalinsa, kuma 'yan shekaru kaɗan suka rage masa ya kai ga cikakken fansho. In aka sallame shi, aiki ya tafi, muhalli ya tafi, tsufan da ya yi wa tanadi shi ma ya tafi. Ya hau sama ya roƙi a bar shi ya riƙa shiga bayan an tashi, ko a tsaye ne daga bakin ƙofa ya yi kallo. Aka ce masa abin ba na wasa ba ne, in ya lalace wa zai biya?

Ni a lokacin na riga na kamu da ciwon mujallun kwamfuta. Akwai wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da gidan waya, ya danne su da duwatsu saboda iska. Turawan da ke aiki a masaƙu in sun gama karanta mujallunsu sai su watsar, masu yi musu girki su kwaso su kawo masa. Kafin mujalla ta faɗo hannuna ta yi wata da watanni, wata ma ta haura shekara, amma ni a wurina sabuwa ce fil. Takardarsu mai santsi ce mai sheƙi, da wani ƙamshi nata na daban wanda har yau in na rufe ido ina jinsa. A bangon kowace akwai tabon salatif inda aka manna faifan kwamfuta na kyauta, an riga an ɓalle shi tun can. In aka yi dace ɗaya ya tsira, sai in ɗauke shi in riƙa ja da 'yar ƙofar ƙarfen da ke bakinsa da babban yatsa, in sake ta ta koma ƙas, ba ni da inda zan zura shi. Ba na tsallake shafi. Har tallace-tallacen baya masu ƙananan rubutu sai na bi su layi-layi. Na haddace sunan kowane ɓangare na cikin inji. Bayan la'asar, lokacin da begilar sojoji ke tashi daga bariki, sai mu baje a majalisa ana gardamar wace ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fi wace sauri, har jijiyar wuya ta tashi, mu da ko makunnin kwamfuta ba mu taɓa dannawa ba.

A cikin irin waɗannan mujallu ne na ci karo da wadda ta nuna, hoto bayan hoto, yadda mutum zai sayi kayan ciki daban-daban ya haɗa tasa da kansa. Ban ko tsaya cin abinci ba na nufi kwatas. Na tarar da Akawu a kan tabarma yana gyaran fitila.

Na ce, "Yaya, in sun hana mu tasu, mu haɗa tamu."

Ya goge hannu ya karɓi mujallar, ya daɗe yana kallon hotunan. Ya ce, "Injiniya, wannan fa ba rediyon babanka ba ne."

"Sukuru ne da waya, Yaya. Mutum ne ya haɗa ta, ba aljani ba."

"To da me za mu saya? Da albashin da ba ya kai mu tsakiyar wata?"

Na ce, "Da me Baba ya gina gidanmu?"

Ya san amsar. Duk ma'aikacin da ya mallaki gida a garin nan a wancan zamani hanya ɗaya ya bi. Bana ka zuba yashi. Baɗi ka buga bulo ka jera a filin, damina ta dake shi, ciyawa ta fito a tsakaninsa, yana nan yana jiranka. In an ɗauki adashi ka sayi kwano ka jingine a soro. Wata shekara ƙofa, wata shekara taga, har ranar da za ka tare. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, haka ya yi namu, kuma kullum maganarsa ke nan: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da wannan muka tashi, ba mu san wata hanyar mallakar babban abu ba. Muka yanke cewa haka za mu gina kwamfutarmu, kaɗan-kaɗan, duk wanda ya samu sarari a cikinmu ya kawo nasa bulon.

Akawu ya dage sai an fara da allon bugu, wato kibod, don a cewarsa nan ne gonarsa. Aka sayo. Ya ɗora shi a kan wani ɗan teburi a tsakar gida, wayarsa tana lilo ba a haɗa ta da komai ba, kullum in ya dawo aiki ya yi sallah sai ya zauna ya yi ta bugu. Babu takarda, babu allon da zai nuna abin da ya rubuta, sai 'yar ƙara mai laushi, caf-caf-caf. Da farko ya yi ta mita wai abin ba shi da nauyi, kuma ba ya ƙararrawa, ta yaya mutum zai san ya kai ƙarshen layi? A hankali hannunsa ya saba, har haruffan tsakiya suka fara gogewa. Bayan kibod muka sayi akwatin, fanko, ba komai a ciki sai fanka. Matarsa ta ɗinka wa akwatin riga da ragowar atamfa, har da leshi a baki. Maƙwabta suka riƙa shigowa ganin kwamfutar Akawu, shi kuma ya ɗaga rigar ya nuna musu, ya ce, "Ba a gama ba tukuna, an dai kai linta." Daga baya muka samu babban farantin nan kore da ake dasa komai a kansa, wanda masu gyara ke ce wa bod. Ranar da na ɗaure shi a cikin akwatin sai na tsaya ina ta kallonsa don murna. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma har gobe ban janye wannan magana ba.

Yanzu in na faɗa wa jikokina cewa mun yi sama da shekara muna kallon inji wanda bai taɓa tashi ba, kuma muna jin daɗinsa, sai su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Su ba su san jira ba. A kawo musu abu a kwali, su yage leda, kafin sati ya zagayo sun gaji da shi. Ba su taɓa tambayar me ke ciki ba, kuma wanda ya ƙera ba ya son su tambaya. Wurin da dattijon nan yake baza mujallu yanzu rumfunan masu sayar da rigar waya ne, kala-kala, jere har bakin titi. An ƙawata baya an toshe ciki. Mu aƙalla an bar mana ƙofa a buɗe, an zana mana taswira, an ce ga shi nan in kun isa. Abin da ba a gaya mana ba shi ne taswirar ba don irinmu aka zana ta ba.

Mun fara gane haka ranar da muka je sayen ƙwaƙwalwar, ɗan abin nan mai ƙafafu da yawa da ake dasawa a tsakiyar bod, wanda in babu shi sauran duk tarkace ne. Shi ya fi komai tsada, shi ya sa muka bar shi a ƙarshe, yadda ake barin rufi. Muka kwance bod ɗin muka naɗe shi a tawul muka kai shagon wani ɗan Kudu a babban titi, mutumin kirki, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya warware tawul, ya kalli bod, ya kalle mu.

Ya ce, "Yaushe kuka sayi wannan?"

Akawu ya ce, "Tun kafin azumin bara."

"An daina yin ƙwaƙwalwar da ke shiga nan. Ta yanzu ƙafafunta ba za su zauna ba."

Na ce, "To a ba mu tsohuwar."

"Ina zan samo ta? Ko a Ikko sai an tona."

Akawu ya sa yatsa ya shafa gefen bod ɗin. Ya ce, "Amma sabo ne fa. Ko sau ɗaya ba a kunna shi ba."

Mai shago ya ce, "Sabo ne a wurinku, Baba."

Muka naɗe kayanmu muka fito muka hau mota. Bulo yana jiran mai shi, ko shekara nawa zai yi. Wannan abu ba ya jiran kowa. Mujallar da muka bi ta riga ta tsufa tun kafin dattijon ya baza ta a ƙasa, mu kuma muka ƙara mata namu jinkirin a kai. Muna can muna tara tsakuwa, masu abin sun rushe unguwar sun koma wani wuri. Na ji haushin Turawan da suka ƙera ta, na ji haushin mujallun, na ji haushin karin maganar mahaifina ma, Allah ya yafe mini. Sannu tana hana zuwa, in wurin da za ka yana gudu.

Muna cikin neman tsohuwar ƙwaƙwalwa, ana yi mana alkawari yau da gobe, sai aka liƙa sanarwa cewa za a gwada duk masu tafireta a kan kwamfuta. Akawu bai karaya ba. Ya ce mini bugu dai bugu ne, haruffan suna inda ya san su, kuma hannunsa ya riga ya saba da laushin abin. Ni ma na ƙarfafa masa gwiwa, don a ganina babu abin da ya rage. Na zauna na karanta masa duk abin da na sani, sunan kowane ɓangare da aikinsa, ko da za a tambaya.

Ranar gwajin na rufe sito na hau sama. An jera masu tafireta a baranda, manyan mutane masu furfura, maza da mata, takalmansu a gindin bango, ana kiransu kaɗan-kaɗan. Wata tsohuwar abokiyar aikinsa tana ta jan carbi. Akawu ya sha farin kaftani, ya yanke farce. Da aka kira shi na matsa jikin gilashin taga inda labule bai rufe ba. An riga an kunna musu injinan, an buɗe musu farin shafi, an ba kowa wata wasiƙar ofis ya kwafa. Ya zauna, na ga leɓensa ya yi bisimilla, ya ɗora yatsu. Haruffan farko suka fito a allon. Sai ya dakata. Wannan ne karo na farko da ya ga abin da yake bugawa a kan irin wannan kibod ya bayyana a gabansa, na ga murmushi ya suɓuce masa. Daga nan fa sai ya saki hannu. Na kusa da shi suna farautar haruffa da yatsa ɗaya, shi ko ya kai rabi. Mai gwajin, wani mai kwat da aka ɗauko daga waje, ya tsaya a bayansa ya ɗan kalla, ya gyaɗa kai, ya wuce wajen masu fama.

Akawu ya riga kowa gamawa. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Na ga hannunsa ya tashi kamar zai zare takarda, ya tuna babu, ya mayar. Sai ya yi abin da ya saba yi tun ranar da ya fara aiki. Ya miƙa hannu ya danna makunni, injin ya yi tsit. Rigar leda tana ninke a gefe, ya warware ta ya lulluɓe shi, ya daidaita gefe da gefe, ya miƙe tsaye ya sa hannu a baya. Ni daga waje har na ji daɗi, na ce a raina, ya gama da su, ga aiki ga ladabi.

Mai kwat ya juyo. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ina jin su.

"Malam, ina aikinka?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe. Na gama."

"Wa ya ce ka kashe?"

"Ai na gama ne."

Mutumin ya yaye ledar, ya kunna, aka tsaya ana jira. Injin ya yi ta gurnani, ya buɗe. Shafi fari fat, ko ɗigo babu.

"Ka adana kafin ka kashe?"

Akawu ya kalle shi, ya kalli allon. Ya ce, "Ban cire komai ba, ranka ya daɗe. Yadda na buga haka na bar shi. Babu kuskure ko ɗaya."

"To me zan duba?"

Ɗaya daga cikin masu riƙe da makulli ya toshe baki yana dariya. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci, don shi ne wanda Akawu ya roƙa ya bar shi ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi. Akawu ya ce a ba shi takardar ya sake, yanzun nan zai gama. Mai kwat ya ce akwai mutane a waje suna jira, ya yi ɗan rubutu a takardarsa, ya ce a shigo da na gaba.

Da ya fito ya sunkuya yana sa takalmi, ƙafarsa ta ƙi samun bakin takalmin. Bai ɗago ba ya ce, "Injiniya, ina rubutun ya tafi?"

Ni da na san saurin kowace ƙwaƙwalwa, na san abin da kowane faifai ke iya ɗauka, ban san cewa abin da ke kan allo bai zauna ko'ina ba tukuna sai an ce masa ya zauna. Ni ma ɗauka nake rubutu in an yi shi ya yiwu, kamar a takarda. Na koma gida na zazzage mujallun nan kaf, na bi su shafi-shafi ina neman inda aka faɗa. Babu. Ba ɓoyewa suka yi ba. An rubuta su ne don mutanen da abin ke kan teburinsu tun tuni, kuma ba wanda ke zama ya rubuta wa mutum cewa in ya tauna ya haɗiye. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Yau kuwa wayar da ke aljihunka tana adana komai ba ka ce mata ba, har shirmen da kake so ya ɓace sai ta riƙe maka shi. An sauƙaƙa abin bayan ya gama cin waɗanda zai ci.

Sunansa ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Aka ba shi wa'adin barin kwatas. A-kori-kura ta kwashe kayansa zuwa Rigasa, can ƙarshen gari inda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa, ya kama hayar ɗaki biyu. Ranar tashin ya ɗauko akwatin da kibod ya ɗora mini a bayan babur, ya ce, "Ka ƙarasa gininka." Da ma'aikatar ta yi gwanjon tsofaffin tafireta ya je ya sayi ɗaya, ya kafa teburi a gindin wata bishiya a bakin kotu yana buga wa mutane takardar rantsuwa da ta koke. Mutumin da babban sakatare ba ya sa hannu sai a bugunsa, ga shi yana kare takarda da gwiwar hannu kada kashin tsuntsu ya faɗo mata.

Ƙwaƙwalwar kuwa daga baya na same ta, a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, cikin wata kwamfutar banki da aka jefar, an ɗora mata tsohon injin mota a kai. Na ciro ta na kawo gida na dasa. Allon da ke nuna rubutu ma na gwanjo na samu. Na kunna, fanka ta juya, sai na ji ƙit, 'yar ƙara guda ɗaya, wadda ke nufin inji ya duba jikinsa ya ga lafiya lau. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san babu kiɗan da ya kai ta daɗi. Ni ranar ba ta yi mini daɗi ba. Na kai wa ɗan Kudun nan ya zuba mata abin rubutu, yana cikin nuna mini ya ce, kamar abin banza, "Ka ga, in ka yi rubutu sai ka danna wannan da wannan tare, shi ke nan ya zauna." Na ce ya sake. Ya sake. Maɓalli biyu.

Daga wannan inji na koyi sana'a. Na bar aikin gwamnati na buɗe shagon gyara a Kurmin Mashi, na aurar da 'ya'ya da shi, na je Makka da shi. Na so zamanin nan, ba zan yi ƙarya ba. Na so gurnanin faifai in yana karatu, da kukan injin buga takarda mai allura da ke hana maƙwabta hira, da yadda za ka buɗe akwati ka ga kowane abu a mazauninsa, ka cire mai ciwo ka sa mai lafiya. Duk ya wuce, shagon ma na rufe shi, don ba a gyara yanzu sai jefarwa. Amma ko a lokacin da kasuwa ke ci ban taɓa mantawa ba cewa abin da ya ciyar da ni shi ya cinye Yayana.

Lokacin da kwamfutarmu ta tashi ban iya zuwa wurinsa nan da nan ba, sai da na yi kwanaki ina juya maganar. Wata ranar aiki da hantsi na daure na hau babur na je bakin kotu. Na tarar da shi zaune ya harɗe hannu. A tsallaken titi an buɗe shago mai kwamfuta da injin hoto, layin mutane har waje.

Na ce, "Yaya, ta tashi."

Bai tambaye ni wace ce ba. Ya rufe tafiretarsa, ya ce wa mai shayi ya duba masa, ya hau bayana.

A ɗakina ya zauna a gabanta ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya gyara zama ya fara bugu. Ban ba shi abin da zai kwafa ba. Da na leƙa sai na ga wasiƙar nan ce ta ranar gwaji, tun daga adireshi har wurin sa hannu, ashe tana kansa duk tsawon wannan lokaci. Da ya kai ƙarshe ya janye hannayensa ya ɗora a cinya.

Ya ce, "To, Injiniya. Nuna mini."

Na kama hannunsa na hagu, na ɗora ƙaramin yatsansa a kan maɓalli ɗaya, na ɗora wani a kan ɗayan, na danna. Na sa wa takardar suna. Wata 'yar fitila ta ƙifta a jikin akwatin.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Kashe."

Na kashe. Ya ce in kunna, na kunna, na buɗe. Wasiƙar ta fito cif, yadda ya bar ta. Ya matso da fuskarsa ya karanta daga sama har ƙasa, leɓensa yana motsi.

Ya ce, "Ka duba da kanka. Akwai kuskure?"

"Babu, Yaya."

Ya ɗaga yatsun nan biyu ya kalle su. Ya ce, "Da sun bar ni na tsaya a bakin ƙofar nan ko sau ɗaya, da na gani."

Aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Na ce zan ɗaure masa ita a babur in kai masa gida, ai rabinta nasa ne, yara ma sa koya. Yana sa takalmi ya girgiza kai.

"Bar ta nan, Injiniya. Layinmu ba a kawo wuta ba tukuna. Mayar da ni kotu, kada wani ya zo bai same ni ba."

Na mayar da shi. Babu kowa a gindin bishiyar.